Yadda Ake Duba Ginin Haikalin Kandariya Mahadeva

Ka iso Khajuraho a jihar Madhya Pradesh ta Indiya da sassafe, domin ƙofar wannan haikalin Hindu tana fuskantar gabas. Sarakunan Chandela suka gina shi wajen shekarar 1030, da dutsen yashi, ba siminti.

Fara daga nesa. Hasumiyar, wato shikhara, ta kai kimanin mita 31, kuma ƙananan hasumiyoyi 84 sun kewaye ta, suna hawa kamar jerin duwatsun Kailash, mazaunin Shiva, abin bautar mabiya addinin Hindu. Masu gaggawa sukan tsaya a gindinta, sai tsarin ya ɓace musu.

Sannan cire takalmi, ka hau matakala, ka ratsa zauruka har garbhagriha, ɗan ɗaki mai duhu daidai ƙarƙashin hasumiyar. Kada ka taɓa sassaƙen. Maiƙon hannu yana ɓata dutsen.