Yadda Za Ka Tono Tarihin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko

Duk ɗalibin da ya zo mini da niyyar rubutu kan Sarki Dikko, abin da nake fara sa shi ke nan: ya samo littafin rubutu, ya jera shekarun da babu gardama a kansu. Dikko ya hau gadon sarautar Katsina a 1906, ya rasu a 1944, ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi. A 1921 ya tafi aikin hajji yana kan karaga, ya bi ta Ingila ya gana da Sarki George na Biyar. A 1922 aka buɗe Kwalejin Katsina. Duk labarin da za ka ji daga baya, da waɗannan za ka auna shi.

Daga nan sai ka koma baya, ka tambayi yadda aka yi Dikko, mai riƙe da sarautar Durɓi, ɗan Durɓi Gidado, ya zama sarki. Nan ne aikin yake, kuma nan nake so ka fi daɗewa. Tun daga Ummarun Dallaje, sarkin Fulani na farko a Katsina, sarautar tana gidan Dallazawa. Turawa suka tuɓe Sarki Abubakar, suka tuɓe Sarki Yero, dukansu 'yan gidan, sannan suka naɗa Dikko, Basulluɓe, da goyon bayan Palmer, jami'in Turawan mulki a Katsina. Don haka kada ka tsaya a Gidan Korau, wato fadar sarki, kaɗai. Ka nemi dattawan Dallazawa su ma ka ji ta bakinsu. Ni a ganina, tarihin da aka ji daga gida ɗaya bai cika ba, komai daɗinsa.

In za ka je wurin dattijo, ka samu wanda zai yi maka iso. Tuɓe takalmi tun daga bakin zaure, durƙusa ka ce "Ranka ya daɗe", ka ajiye ɗan goronka, kada ka fito da wayar ɗaukar murya sai ka nemi izini. Kada kuma ka ce masa "a wace shekara?" Tambaye shi, "Baba, kafin yunwar Kakalaba ne ko bayanta?" Yunwar ta auku ne wajen 1914, kai za ka yi lissafin daga baya. Kirari da waƙoƙin makaɗan fada ka rubuta su yadda aka faɗa, amma a shafi dabam, domin aikinsu yabo ne.

Sai Kaduna: Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da Arewa House. Ga abin da ke ɓatar da mutane da yawa: Katsina tana ƙarƙashin lardin Kano har 1926, ta koma lardin Zariya, sai a 1934 ta zama lardi mai cin gashin kansa. Takardun farkon mulkin Dikko, har da na kafa baitulmali, a fayilolin Kano za ka fara nemansu. Ka karanta rahoton Razdan da lura, ka tuna cewa wanda ya naɗa sarkin ne yake yaba shi.

Kafin ka zauna rubutu, ka ware yini guda ka shiga tsohon ginin kwalejin, wanda yanzu gidan tarihi ne. Ka ɗauki hoton duk takardar da aka ba ka dama, ka rubuta sunan wanda ya ba ka kowane labari da ranar da kuka zauna.