Yadda ake koyar da ƙa'idar taɓa ƙwallo cikin wasa a ƙwallon raga

A jami'o'in Amurka, inda maza ke fafata gasar ƙwallon raga ta NCAA, wato hukumar wasannin jami'o'in ƙasar, tun 1970, masu horarwa sukan saka ƙa'idoji cikin atisaye mai kama da wasan yara. A ganina hakan ya fi zaunar da samari ana karanta musu doka, domin hannu ne ke yin laifin, shi ya kamata ya koya.

Da farko, ka gaya musu dokar a tsaye, cikin minti biyu. Kowace ƙungiya tana da taɓi uku kafin ta mayar da ƙwallo. Tarewa a saman raga ba ta cikin lissafi, kuma wanda ya tare yana iya sake taɓawa nan take. Ƙwallo na iya dukan kowane sashe na jiki, har ƙafa, amma ba a cafke ta, ba a jefa ta.

Na biyu, ka raba su bibbiyu suna fuskantar juna. Ɗaya ya buga, ɗayan ya karɓa da damatsan hannu, na farko ya ɗaga masa da yatsu, shi kuma ya buga. Haka za a yi ta juyawa, suna ƙirga da ƙarfi. Nan za ka daɗe. Ka tsaya kusa da mai ɗagawa ka dubi yatsunsa: in ƙwallon ta nutse cikin tafin hannu har ta sauko kusa da ƙirji kafin ya tura, riƙewa ce, ƙirga ta koma sifili. In hannun dama ya riga na hagu taɓa ƙwallon, taɓi biyu ne, shi ma laifi ne. Sai dai a taɓin farko na ƙungiya, kamar karɓar bugu mai zafi, doka ta yafe ƙwallo ta doki hannu ta doki kafaɗa, muddin motsi ɗaya ne. Sababbin 'yan wasa da yawa sukan tsaya cak a nan, suna zaton sun yi laifi, su yi asarar maki a banza.

Na uku, ƙaramin fili: 'yan wasa uku da uku, tsakanin raga da layin da ke mita 3 daga gare ta kaɗai, kuma dole a cika taɓi uku.

Daga nan sai wasan sarkin fili. Masu nasara su zauna a gefe ɗaya, masu ƙalubalanta su riƙa shigowa bi da bi, wanda ya ci ya karɓe gurbin. Ka bar raga a tsayinta na maza, mita 2.43, ka miƙa wa ɗaya daga cikinsu usur ya yi alƙalanci, a riƙa sauya shi duk bayan zagaye. Wanda ya busa dole ya faɗi laifin da ya gani da babbar murya kafin a ci gaba.