Ciwon kafaɗa da kumburin wuya bayan aikin kansa (ciwon daji), abinda zakayi a gida

Yayana da yake sayar da albasa a kasuwar Mile 12 dake Legas anyi masa aikin kansa a wuya aka cire masa kaluluwa, daga baya akayi masa gashi da na'ura. Mu duk mun ɗauka wahala ta ƙare, sai gashi kafaɗarsa ta dama ta sauko ƙasa, ɗaga hannu yayi kabbara ma sai ya cije leɓe, saka riga kuwa sai matarsa ta kama masa. Wallahi abin ya tsaya min a rai, shi yasa nake so duk mai irin wannan majinyacin ya san abinda muka koya.

Akwai wata jijiya da take ratsa gefen wuya ta tafi wajen tsokar da take riƙe allon kafaɗa, to wajen cire kaluluwa ana iya taɓa ta ko a ja ta, sai tsokar ta saki. Farfaɗowarta na ɗaukar watanni, wani har shekara. Gashin na'urar kuma yana sa naman wurin yayi tauri. Kumburin shi daban ne, ruwan jiki ne da kaluluwa take kwashewa ya rasa hanya sai ya taru a ƙarƙashin haɓa da wuya, shi yasa da asuba fuska ta fi cika, in rana ta ɗaga ya ɗan sauka.

Abu na farko ka roƙi likitanka ya tura ka wajen masu gashin ƙashi na asibiti, wato masu koya motsa gaɓoɓi, a Legas akwai su a asibitin LUTH dake Idi-Araba, akwai a asibitin LASUTH Ikeja, akwai asibitin ƙashi na Igbobi. In sun baka izini sai ka riƙa motsa hannun kullum a hankali. Ka dafa tebur da hannu mai lafiya ka sunkuya kaɗan ka saki ɗayan yana lilo. Ka fuskanci bango ka riƙa tafiya da yatsu sama sama, inda kaji ya fara ja ka tsaya, yayana har alama yake da gawayi a bango dan yaga ko ya wuce ta jiya. Sai matse allon kafaɗu biyu ta baya kamar zasu haɗu. Kaɗan kaɗan sau biyu ko uku a rana ya fi ka takura kanka sau ɗaya, in kuma ka naɗe hannun ka daina motsa shi gaba ɗaya kafaɗar sandarewa zatayi.

Buhu, jarkar ruwa, jaka mai rataya a wannan ɓangaren, duk ka haƙura tukuna. A motar bas ta BRT ma kar ka kama ƙarfen sama da hannun, ka nemi kujera.

Kumburi kuma, ka kwana da filo biyu ko uku kai ya ɗago, kar ka ɓalla maɓallin wuya in yana matse ka. Akwai tausa ta musamman, shafa ce mai laushi kamar kana shafa kan jariri, amma masu gashin ƙashin ne zasu nuna maka inda zaka kora ruwan.

Dan Allah ƴan uwa kar a kira wanzami yayi ƙaho ko tsaga a wurin, kar a mulke shi da man zafi, kar a gasa da tsumma mai ruwan zafi. Fatar sau da yawa bata jin komai, mutum zai ƙone bai sani ba, kuma wurin da ba kaluluwa ƙwayar cuta tana saurin kama shi. Maganin ciwo ma a tsaya kan wanda likita ya rubuta, banda tiramol na kemis.

In wurin yayi ja yana zafi ga zazzaɓi, ko kaji sabon ƙullutu mai tauri, ko haɗiya ta fara wuya, ka koma asibiti ranar, kar ka jira ranar da aka rubuta maka a kati. In numfashi ne yake sarƙewa ko da tsakar dare ne a nemi mota a tafi imajansi.