Haɗa rok da opera: inda ƙungiyoyin kiɗa suke tuntuɓe

Kuskuren da ya fi lalata aiki shi ne danne murya. Mawaƙin opera, wato wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa, yakan yi shekaru yana horar da maƙogwaronsa, har muryarsa ta ratsa taron makaɗa ta isa kujerar ƙarshe babu makirufo. Sirrin wani kaifi ne a muryar, wajen hertz 3,000 (ma'aunin kaifin sauti), kuma a nan ne jitar lantarki take zuba tata ƙarar. Sai ka ga mawaƙi ya wage baki, jijiyar wuya ta miƙe, amma ba a jin kalma ko ɗaya. Mai kula da sauti yakan ƙara wa makirufo ƙarfi, sai lasifika ta kama kuka. Gyaran a jita yake: a rage mata kaifi a wannan wurin, mai kaɗa ta ya tsaya kan manyan tsirkiyoyi yayin da ake waƙa, ya saki hannu idan mawaƙi ya tsaya shan iska.

Akwai kuma masu gama tsara kiɗa tsaf, sannan su nemo mawaƙiya a matsayin ado. Ƙungiyar Nightwish ta ƙasar Finlan ba haka ta yi ba. Da aka kafa ta a garin Kitee a 1996, kiɗa mai sanyi aka yi niyya, sai muryar mawaƙiyarta Tarja Turunen ta fi ƙarfinsa, dole aka kawo ganguna da jitar lantarki. Murya ce ta ja kiɗan. Ku fara zama da mawaƙiyarku, ku ji inda muryarta take sakewa, kafin ku zaɓi ma'aunin da za a kaɗa.

Situdiyo ma tana ruɗi. Amshi mai salon opera da ke cikin Bohemian Rhapsody, waƙar ƙungiyar Queen ta 1975, mutum uku ne kacal: Freddie Mercury da Brian May da Roger Taylor, aka yi ta ɗora muryoyinsu a kan juna. A dandamali kuwa, idan an zo wurin sai su fice a kunna kaset. Ni ban ga laifin hakan ba. Amma in za ku bi sautin da aka naɗa, ku sa wa mai ganga na'urar ƙidayar bugu a kunne, in ba haka ba ya tsere wa amshi.

Jadawalin yawon wasa kuma a sassauta shi. A gidajen opera, mai babban matsayi yakan samu hutu tsakanin wasa da wasa, saboda haka kada ku jera wa mawaƙiyarku dare biyar babu tsayawa.