Darasi na 7: Gashin Ƙashi da Kare Tsofaffi Daga Faɗuwa

A gidajenmu, idan dattijo ya faɗi sau ɗaya a tsakar gida, 'ya'ya da jikoki sukan shimfiɗa masa tabarma, su hana shi tashi, su riƙa kai masa buta da abinci har inda yake zaune. Tausayi ne ke sa su yin haka, amma wannan hutu yakan ƙara dagula al'amarin, domin ƙafar da ba a aiki da ita tsokarta kan saki da wuri, sai ka ga wanda ake gudun ya faɗi ya kasa ko tashi daga sujada ba tare da an kama shi ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum 684,000 ne ke rasuwa kowace shekara sanadiyyar faɗuwa, kuma abin ya fi shafar waɗanda suka haura shekara 60. Wanda ya tsira da ransa ma yana iya samun karayar ƙugu, wadda kan kwantar da tsoho watanni.

Mutane da yawa sun ɗauka cewa likitan gashin ƙashi na masu karaya ne kawai, ko masu shanyewar ɓarin jiki. Alhali kuwa ya fi amfani ga tsoho tun kafin ya faɗi. Ana samun waɗannan likitoci a manyan asibitoci, kamar Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Likitan zai zaunar da dattijo a kan kujera, ya ce masa ya miƙe, ya yi tafiyar mita 3, ya juyo ya sake zama, shi kuma yana duba agogo. Idan wannan ya ɗauki sakan 12 ko fiye, to akwai haɗarin faɗuwa. Zai kuma tambaye shi ko yana jin jiri idan ya miƙe, wanda wasu magungunan hawan jini kan haddasa, ko tafin ƙafarsa yana mutuwa kamar yadda ke faruwa ga masu ciwon suga, ko kuma yanar ido ta fara rufe masa gani.

Daga nan sai ya koya masa motsa jiki daidai ƙarfinsa. Mafi muhimmanci shi ne tashi da zama: dattijo ya zauna a kujera mai ƙwari wadda aka jingina da bango, ya kafa ƙafafunsa biyu a ƙasa, ya ɗan sunkuyo gaba, ya miƙe a hankali, sannan ya koma ya zauna ba tare da ya faɗa kujerar ba. Da farko yana iya dafa hannun kujera, idan ƙarfi ya samu sai ya bari. Akwai kuma ɗage dunduniya yana dafe da bango, da tafiya yana ɗora dunduniyar ƙafa ɗaya a gaban yatsun ɗayar. A Jami'ar Otago ta ƙasar Niyu Zilan an tsara irin wannan atisaye a shekarun 1990, ana yin sa a gida sau uku a mako, aka kuma gano ya rage faɗuwa da kusan kashi 35 cikin ɗari. Sharaɗinsa shi ne dorewa, domin wanda ya yi mako biyu ya watsar bai yi komai ba.

Likitan zai duba sanda ma. Ya kamata kanta ya zo daidai wuyan hannu idan mutum yana tsaye, kuma a hannun da ke ɗaya ɓangaren ake riƙe ta, ba a ɓangaren ƙafar da ke ciwo ba. Tsofaffi da dama suna kuskure a nan.

Lokacin asuba yana buƙatar kula ta musamman, saboda duhu da santsin wurin alwala da saurin samun jam'i. Dattijo ya fara zama a bakin gado na ɗan lokaci kafin ya miƙe, a ajiye masa tocila kusa da matashi, a kankare gansakukar makewayi, a kuma sauya masa silifas da ya suɗe. Idan yana cikin motsa jiki ya ji ciwon ƙirji ko numfashinsa ya sarƙe, ya dakata nan take. Idan kuwa ya faɗi ya kasa taka ƙafar, kada a ja shi ko a kira mai ɗori tukuna, a ɗauke shi a kwance zuwa asibiti a yi masa hoton ƙashi.