Yadda kansila zai auna haɗarin bashi kafin ya amince da gina babban rukunin gidaje

Idan aka gabatar wa majalisar ƙaramar hukuma shirin gina ɗaruruwan gidaje da kuɗin rance, abin da ake fara shimfiɗawa a kan tebur shi ne zanen gidajen, da titunansu da bishiyoyinsu. Kansilan da ke son sauke nauyin da ke kansa sai ya ture zanen gefe, ya nemi takardun kuɗi, domin ɗaga hannu ba tare da karanta su ba cinikin biri a sama ne. Abin da ya faru a ƙaramar hukumar Croydon da ke kudancin Landan ya isa ya nuna inda ya kamata a sa ido.

Tambayar farko ita ce wa zai ci bashin, kuma wa zai biya idan gidajen ba su sayu ba. Majalisar Croydon ta kafa kamfanin gini nata na kanta mai suna Brick by Brick, ta ciyo bashi da sunanta, sannan ta ranta wa kamfanin kusan fam miliyan 200 bisa fatan zai riƙa biyan ta kuɗin ruwa da riba. Da haka majalisar ta zama ita ce mai kamfanin, ita ce mai ba shi rance, ita ce mai ba shi fili, kuma ita ce mai ba shi izinin gini, don haka babu wani na waje da ya sa dukiyarsa balle ya tsaya ya ce lissafin bai fita ba. Kansila ya nemi a rubuta masa a shafi guda nawa ne kuɗin ƙaramar hukuma a cikin aikin, nawa ne na abokin hulɗa, da kuma duk wani lamuni da hukumar ta tsaya wa kamfanin, domin lamuni ma bashi ne ko da bai fito a kasafin kuɗi ba. Idan ɗan kasuwa ko banki ya ƙi sa ko sisi, a tambayi dalili.

Daga nan sai a buɗe kasafin kuɗin shekara, kuma nan ne nake ganin mafi girman haɗari yake. A duba ko an lissafa kuɗin ruwa ko ribar da ake sa ran samu daga gidajen a cikin kuɗin shiga, alhali ko harsashi ba a haƙa ba. A watan Oktoba na 2020 masu binciken kuɗi na Grant Thornton suka fitar da rahoto cewa Croydon ba ta karɓi kuɗin ruwa ko riba daga kamfanin nata ba, ga shi kuma ta ɗora tsare-tsarenta a kan zuwan kuɗin. Ranar 11 ga Nuwamba na wannan shekara babbar jami'ar kuɗin majalisar ta fitar da sanarwa ƙarƙashin sashe na 114 na dokar kuɗin ƙananan hukumomi ta 1988, wadda ke dakatar da duk wani sabon kashe kuɗi in ban da wanda doka ta wajabta. A 2023 kuma aka ƙara wa mazauna yankin harajin gida da kusan kashi 15 cikin 100. Mutanen da ba su taɓa taka ƙofar sababbin gidajen ba su ne suka ɗauki nauyin, kuma wannan zalunci ne da tambaya ɗaya a kan lokaci za ta iya ragewa. Ƙa'idar da kansila zai riƙe ita ce kada a ɗora albashin ma'aikata ko kwashe shara a kan kuɗin da bai shiga asusu ba.

Sai a gwada girman bashin da ƙarfin hukumar. Woking, ƙaramin gari a yankin Surrey na Ingila, ta tara bashin kusan fam biliyan 1.8 a kan manyan gine-ginen tsakiyar gari da aikin sabunta unguwar Sheerwater, alhali kasafinta na yau da kullum bai wuce fam miliyan 16 ba, ta kuma fitar da irin sanarwar da Croydon ta fitar a watan Yuni na 2023. Ɗaya daga cikin kurakuranta shi ne rashin ware isasshen kuɗi duk shekara domin biyan uwar kuɗin. A nemi ma'aji ya nuna abin da ake warewa.

Kada a yarda da lissafi guda ɗaya. A sa ma'aji ya sake bugawa da zaton cewa siminti da rodi sun yi tsada da kashi 30 cikin 100, ɗan kwangila ya makara da shekara biyu, rabin gidajen kuma sun zauna babu mai saye. A haɗa da kuɗin ruwan sha, lantarki, kwalbati da makaranta, waɗanda sau da yawa ake mantawa da su har sai mutane sun tare.

A Najeriya batun ya ƙara muhimmanci tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Sai dai Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen birane a hannun gwamna, don haka wajibi ne a ga takardar mallakar filin da shaidar biyan diyya kafin a ciyo ko kwabo. Kuɗin ruwa ma ba irin na Ingila ba ne, domin a watan Nuwamba na 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100.

Idan bayan duk wannan majalisa ta ga aikin ya dace, a raba shi kashi-kashi, kada a saki kuɗin kashi na biyu sai an sayar da yawancin gidajen kashin farko. A naɗa wa kamfanin daraktocin da suka san harkar gini kuma ba ma'aikatan majalisar ba ne, a wajabta musu kawo rahoto duk bayan wata uku a zaman da jama'a ke iya halarta, sannan a rubuta a cikin ƙudurin adadin asarar da idan aka kai ta za a dakatar da aikin.