Yadda za ka tsara saukarka gari in kana balaguro a jirgin ruwan yawon buɗe ido

Abu na farko da nake so ka riƙe shi ne jirgin nan ba ya jiran kowa. In an ce ƙarfe shida zai tashi to ƙarfe biyar da rabi ake so kowa yana ciki, yawanci rabin awa kafin tashi ake janye gadar shiga, kuma wannan lokacin ne naka, wancan shidan na kyaftin ne. Don haka ni daga ƙarshe nake fara lissafin yinina, in ɗauki lokacin da aka ce a dawo, in rage awa ɗaya ko ɗaya da rabi saboda cunkoso da ɓatan hanya, abin da ya saura shi ne ainihin lokacin yawona. Sau da yawa za ka ga awa goman da aka rubuta a takarda ta koma shida.

Sai kuma maganar sunan gari, nan ne ake yawan shan mamaki. Takardar tafiya za ta ce maka Rum, amma jirgi a Civitavecchia zai tsaya, tsakaninsu kusan kilomita 80, jirgin ƙasa ma sai ya ci awa ɗaya da wani abu kafin ya kai ka, ga shi ita kanta tashar ruwan ƙatuwa ce sai ka hau bas ya fitar da kai bakin ƙofa tukunna ka nemi tashar jirgin ƙasa. In aka ce Florence to Livorno ake nufi. In aka ce Paris kuwa Le Havre ce, wajen kilomita 200, zuwa da dawowa kaɗai sun cinye maka awa biyar a mota, ni dai ban ga ribar wannan ba sai dai ga wanda ya san ba zai sake zuwa Faransa ba. Venice ma tun 2021 aka hana manyan jirage shiga tsakiyarta, wasu a Marghera suke tsayawa wasu kuma can Ravenna ko Trieste amma sunan Venice ne a talla. Akwai masu sauƙi fa, Barcelona bas ɗaya ce daga bakin jirgi zuwa gindin titin La Rambla, Atina kuma daga tashar ruwanta ta Piraeus akwai jirgin metro da zai kai ka tsakiyar gari ba wahala. Tun kana gida ka buɗe taswira ka duba kowace tasha ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta nisanta da gari.

To da wa za ka fita? Kamfanin jirgin yana sayar da nasa yawon, da tsada kam ba ƙarya, wani lokaci ninki biyu na abin da za ka biya a waje, kuma za a cusa ku mutum arba'in ko hamsin a bas ɗaya kuna bin jagora mai ɗaga tuta, sannan da wuya a ƙare ba a kai ku wani shagon tsaraba ba. Amma abin da kake saye da kuɗin shi ne kwanciyar hankali, in bas ɗinsu ta makara jirgi zai jira, in ma bai iya jira ba su ne da ɗawainiyar kai ka tasha ta gaba. In kai ka fita da kanka ko ka ɗauki jagoran waje ka makara, sai dai ka tsaya kana kallon bayan jirgi, otal da tikitin jirgin sama duk daga aljihunka. Ni yadda nake rabawa, duk inda abin kallon ya fi awa ɗaya da tasha, ko lokacin tsayawar gajere ne, na kamfani nake bi in biya ina ƙorafi. Inda gari ke bakin ruwa kamar Kotor a Montenegro ko Valletta a Malta kuwa asarar kuɗi ce, ƙafarka ta ishe ka. In jagoran waje za ka ɗauka ka tambaye shi tun kafin ka biya, in jirgi bai tsaya ba saboda iska zai mayar maka da kuɗinka? Don hakan na faruwa sosai, kyaftin yana da ikon soke tasha ko canza ta.

Wasu wuraren jirgi ba ya isa gaɓa, can nesa yake tsayawa sai ƙananan jirage su riƙa jigilar mutane. Irin wannan rana ka ƙara wa lissafinka lokaci, don sai ka karɓi lamba ka jira a kira ka kuma waɗanda suka sayi yawon kamfani su ake fara saukewa. Tsibirin Santorini na Girka shi ne babban misali, ƙaramin jirgi zai ajiye ka a gindin dutse, garin Fira yana can sama, ko dai ka hau motar igiya, wato ɗan akwatin da ke rataye a igiya yana kai mutane sama, ko ka taka matakala kusan 600 da jakuna ke bi suna ɓata ta, hawan ba shi ne matsala ba, saukowar yamma ce, in jirage uku ko huɗu suka haɗu rana ɗaya layin motar igiyar nan sai ya kai awa guda ko fiye kuma kowa sauri yake. Ka sauko da wuri kawai ka zauna a ƙasa ka sha wani abu. Sannan ka tuna lokacin ƙaramin jirgi na ƙarshe daban yake da lokacin tashi, shi za ka riƙe.

Agogo ma yana da nasa tarkon. Girka tana gaban Italiya da awa ɗaya, wayarka kuma da ta kama layin garin za ta canza lokaci da kanta ba ta tambaye ka ba, alhali wasu jiragen ba sa bin agogon gari, nasu suke riƙewa. Kafin ka taka gada ka tambayi ma'aikacin da ke duba kati ƙarfe nawa ne a agogon jirgi, akwai ma allo a wurin da aka rubuta lokacin dawowa, ɗauke shi hoto. Agogon hannu na gargajiya ya fi waya amana a nan.

Abin da za ka sa a ƙaramar jaka ba shi da yawa: katin jirginka wanda shi ne makullin ɗaki kuma shi ake dubawa fita da shiga, fasfo ko kwafinsa gwargwadon abin da jirgi ya ce a wannan tashar, katin banki, ɗan kuɗin ƙasar a hannu saboda tasi da banɗaki, maganinka in kana sha, ruwa, da abin cajin waya. Takardar shirin rana da ake sa maka a ɗaki ko a manhajar jirgi tana ɗauke da lambar wakilin jirgin a wannan tasha, mutane ba sa kula da ita amma in ka ga za ka makara shi za ka kira. Kar ka ɗebi tuffa da ayaba daga wurin karin kumallo ka fita da su, ƙasashe irin Ostareliya da New Zealand tara mai zafi suke ci a kan haka. Taswirar garin kuma ka sauke ta a Google Maps tun da wuri don ta yi aiki ko babu data, in kun koma teku ka sa wayar a yanayin jirgin sama, layin da ake kamawa a tsakiyar ruwa ta tauraron ɗan adam yake bi kuma kuɗinsa ba kyau.

Biza fa a duba ta da idon basira. Tafiya ɗaya tana iya farawa a Italiya ta leƙa Kusadasi a Turkiyya ko Kotor a Montenegro sannan ta dawo Girka, Turkiyya da Montenegro ba sa cikin yankin Schengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, don haka in fasfonka na masu neman biza ne to mai shiga sau da yawa ake buƙata, mai shiga sau ɗaya tana iya sa a hana ka hawa jirgin tun ranar farko. Ka tambayi kamfanin a rubuce.

Kar ka yi haɗama a gari. Abu ɗaya babba ka zaɓa, sai ƙarami ɗaya in lokaci ya ragu, wanda ya ce zai ga Vatican da Colosseum da sauran Rum duka a awa biyar gudu kawai zai sha. Manyan wuraren nan tikitinsu na lokaci ne, a intanet ake saye tun makonni kafin nan, kuma ka ba da tazara kar ka sayi na ƙarfe tara alhali jirgi takwas zai iso. Ka duba ranar mako ma, gidajen tarihin Vatican a rufe suke ranar Lahadi sai dai Lahadin ƙarshen wata, gidan tarihin Uffizi a Florence ba ya buɗewa Litinin, na Louvre a Paris kuma Talata. Coci-cocin Italiya ba sa barin mai buɗaɗɗiyar kafaɗa ko gajeren wando ya shiga, haka masallatan Istanbul. Abu mafi nisa shi za ka fara da safe, sai ka riƙa gangarowa kusa da tasha yayin da rana ke yi.

Wajen dawowa, tasi in babu mita ku yi ciniki kafin ka zauna, ka nuna masa sunan tashar da lambar wurin da jirginka yake a rubuce, don gari ɗaya na iya samun wurin tsayawa uku masu nisa da juna. In jirgin ƙasa ne kar ka dogara da na ƙarshe da zai kai ka a kan lokaci, ka hau wanda ke gabansa ko ma na gaban wancan, Italiya da Faransa ba baƙin yajin aiki ba ne. Tikitin takarda na jiragen yanki a Italiya kuma sai ka zura shi a ɗan injin da ke bakin dandamali ya buga masa hatimi kafin ka shiga, in ba haka ba mai duba tikiti zai ci ka tara ko da ka biya kuɗinka cif.